Gwangwanin da Na Haɗa wa Kunnen Inna

Na ji ƙishin-ƙishin cewa kun yi shawara a kaina. 'Yar'uwarku Hauwa ce ta kai muku labari wai Baba ya fara magana shi kaɗai a ɗaki, ya kifa wani tsohon abu a kunne yana amsa gaisuwar mutumin da babu shi. Har an ce a kai ni wurin likita. To ku kwantar da hankalinku, tsufa ya taɓa mini gwiwa da kunne, amma bai kai ga ƙwaƙwalwa ba tukuna. Wannan babin saboda ku na rubuta shi, don ku san abin da ke cikin gwangwanin nan da na hana a zubar duk ƙaurar da muka yi, ku kuma daina cewa kakarku Inna mace ce mai taurin zuciya. Kun ji hakan ne daga bakin mutanen da ba su san komai ba.

Gidanmu yana Fagam, a ƙasar Gwaram. Asalinmu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, Fulatancin ya tafi ya bar mu da Hausa, amma kunyar ba ta tafi ba. Yaya Hamidu shi ne ɗan farin Inna, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi Goggo Dije, ƙanwar Babanmu, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma ko da yake tsakar gida ɗaya muke. Idan dole ta sa Inna ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "na wajen Dije". Ni da na biyo shi na sha goyo da shagwaɓa son raina, shi kuwa ko tuwo za ta ƙara masa sai ta aiko ni da shi in ce daga Goggo ne. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya ce zai bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa. Inna ta aika Goggo ta ce masa kada ya tafi, Babanmu bai daɗe da rasuwa ba, gona na bukatarsa. Bai ji ba. Ranar tafiyar ya zo bakin ƙofarta ya durƙusa, ta juya masa baya tana tsince wake. Ya tafi da wannan bayan a idonsa.

Shekaru suka yi ta wucewa. Mun ji yana Sudan yana cirar auduga, daga baya muka ji ya tsallaka ya kama ɗinki a Makka, ya yi aure. Ni kuma na bar gona na koma Birnin Kudu na koyi gyaran rediyo, na buɗe 'yar rumfata kusa da tasha. Lokacin ne kuɗin fetur ya shigo, kowa ya sayi rediyo, masu hali suka sayi rikoda, alhazai kuma suka koma tafiya a jirgi suna dawowa cikin 'yan makonni. Da kaka, a shekarar da na auri mahaifiyarku, wani Alhaji Buba na Sara ya tsaya a rumfata ya zaro kaset daga aljihu, an naɗe shi da ƙyallen yadi an ɗinke bakin da zare.

"Kai ne Iro ƙanin Hamidu tela? Ga saƙo. Ya ce in damƙa maka hannu da hannu, kai ne mai injin da zai yi magana."

Ban saurara ni kaɗai ba, na ga bai kamata ba. Ranar Juma'a na ɗaure rikoda a bayan babur na nufi Fagam. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, gida ya cika har da maƙwabta, na danna. Sai ga muryar Yaya, ta yi kauri, Hausarsa ta ɗan karkace irin ta waɗanda suka daɗe a can. Ya yi sallama, ya fara gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba kowa dariya da kuka a lokaci guda shi ne, in ya gaida mutum sai ya yi shiru, ya bar masa fili ya amsa, kamar yana tsugune a gabansa. Goggo Dije ta amsa tata har da tambayarsa yara. Da ya zo kan Inna muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna, ina wuni. Inna, na san na tafi ba da sonki ba. In kin yafe mini, ko kalma ɗaya ce ki sa Iro ya ɗauko mini. Ko tari ne, zan gane naki."

Ya bar fili mai tsawo, zaren kaset yana ta juyawa babu komai sai shuuu. Muka waiga, Inna ba ta wurin. Tun da aka yi sallama ta ɗauki ƙwarya ta shige ɗaki.

A nan na yi wautata ta farko. Kunnen Inna ya riga ya fara nauyi, sai an ɗaga murya take ji, don haka na ce ai matsalar ƙara ce. Mako na zagayowa na dawo da lasifika irin ta masallaci da batirin mota, na kafa ta a kan katangar zana tana kallon ɗakinta, na buɗe wuta. Muryar Yaya ta tashi har kaji suka watse, mutanen da ke sussuka a bayan gari suka tsaya suna saurare. Inna ta fito da mayafinta ta bi ta ƙofar baya, ta tafi gidan wata ƙawarta, ba ta dawo ba sai da na kwance kayana. Goggo ta same ni ina naɗe waya.

"Kai dai Iro an ba ka hannu an hana ka kai. Ka tara mata gari guda ka ce ta zauna ta saurari ɗan fari? Ƙarar da za ta ishe kunnenta ai ta ishe Fagam gaba ɗaya. Ina za ta sa fuskarta?"

"To Goggo yaya zan yi? In na rage ba ta ji, in na ƙara ta gudu."

"Kai ne mai gyara. Ka nemo muryar da za ta shiga kunnenta ita kaɗai. Kuma ka yi sauri, kunnen nan kullum ƙara toshewa yake."

Da wannan na koma Birnin Kudu. Akwai wani abokina da ke aiki da motar majigi, yana da abin saurare na sawa a kai, kofuna biyu masu soso da wani ƙarfe kamar baka da ya haɗa su ta saman kai, mu a sana'a hedifon muke ce masa. Ya ba ni wani tsoho. Na cusa shi a ɗan ramin da ke gefen rikoda, na ji magana sarai. Amma ni kunnena lafiyayye ne. Sai na cusa auduga a kunnuwana na ɗaure da rawani na sake sawa, don in ji yadda Inna za ta ji, sai na ji Yaya can nesa kamar yana magana daga cikin rijiya. Ramin nan ba shi da ƙarfi, an yi shi ne don masu lafiyar kunne. Na ce bari in ɗauko daga wayoyin sifikar rikodar kai tsaye. Ƙara kam ta zo, amma kalmomin suka farfashe, kafin in kai hannu in rage, kofin dama ya yi ƙauri ya mutu. Kwana biyu na yi ina warware siririyar wayar cikinsa ina sake naɗawa.

Daga nan na gane abin da ake bukata ɗan ƙaramin amfilifaya ne da zai tsaya tsakanin rikoda da hedifon, ya karɓi murya kaɗan mai tsabta ya ƙara mata ƙarfi daidai kunne. Na ciro transista daga wata matacciyar rediyo, na samo gwangwanin shayi mai murfi, na huda shi, na dasa komai a ciki da dalma, na sa masa maɓallin murɗawa a murfin. Da na kunna, abin da na fara ji shi ne gunji, wani zuuu kamar an kara kunne a jikin amya. In na taɓa gwangwanin ya ragu, in na sake ya dawo. Na kusa jefar da shi a kwata. Sai na tuna maigidana da ya koya mini gyara ya taɓa cewa wayar da ke ɗauko ƙaramar murya dole ta zama mai riga, wato mai saƙar ƙarfe a kewaye, kuma a haɗa rigar da jikin akwatin. Na yanko irinta daga tsohuwar makirfo, na liƙa rigar a jikin gwangwanin, gunjin ya ɗauke. Sai kuma kunne ɗaya kawai ke magana, domin rikodar hanya ɗaya take bayarwa, hedifon kuwa biyu yake nema, na haɗe su wuri guda. Sai maɓallin ya riƙa ƙarƙar in an murɗa, na wanke cikinsa. Na kuma gano cewa in na cika ƙarar rikodar, gwangwanin yana shaƙewa, sai dai a bar rikoda a ƙasa-ƙasa a ƙara daga murfin gwangwani. Duk wannan da audugata a kunne nake yi, masu kawo gyara suna sallama ba na amsawa, har aka fara cewa Iro mai rediyo ya yi girman kai. Gaisuwar Yaya ga Inna kuwa na ji ta ya fi a ƙirga, har na haddace inda yake haɗiye yawu.

Na gama ana cikin kakar gero. Na tafi da rikoda biyu, ɗaya ta sauraro, ɗaya da sabon kaset don ɗaukar amsar mutanen gida, tun da an sami wani mai tafiya Umra da zai kai. Da na gwada a zaure sai ga wata sabuwa. Na haɗa gwangwanin da rikoda a kan batir ɗaya don sauƙi, ashe yana shanye wutar, zaren yana jan ƙafa, muryar Yaya ta koma ta tsoho tukuf. Na ce wallahi Inna ba za ta ji ɗanta a haka ba. Na ware wa gwangwanin nasa batir, murya ta miƙe. Na ja doguwar waya ta ƙarƙashin asabarin ƙofarta, ni na zauna a waje gefen ɗakin da rikodojin biyu a gabana. Sauran aikin Goggo ce ta yi. Na ji su ta cikin asabari.

"Mene ne wannan kuma kamar takunkumin jaki?"

"Maganin kunne ne Iro ya kawo. Ki sa mu gani ko yana aiki. Abin da ke ciki babu mai ji sai ke, ko ni da ke kusa ba zan ji ba."

"Ba zan cire kallabina ba."

"Wa ya ce ki cire? Ɗaga gefen kawai, in rufa miki mayafi a kai."

Goggo ta fito ta saki asabari, ta yi mini alama da ido. Hantsi ne, mata uku suna daka a tsakar gida, cikinsu har da mahaifiyarku Rabi, amarya a lokacin. Na riga na juya kaset zuwa daidai wurin, na danna. Ni ba na jin komai, ido kawai na sa wa zaren, na san inda yake cewa ina wuni, na san inda yake cewa ko tari ne. Sai fili ya zo.

Akwai abin da na sani a sana'ata amma ban tuna ba sai da ya faru. Wanda ya rufe kunnuwansa da hedifon ba ya jin muryar kansa, sai ya ɗaga ta bai sani ba, balle mai nauyin kunne. Inna kuma an ce mata babu mai ji, ta ɗauka abin ya haɗa da ita ma, kamar an rufe su su biyu a ɗaki ɗaya. Muryarta ta fito ta cikin asabari, da ƙarfi, har zaure.

"Hamidu. Hamidu, lafiya lau. Na amsa, ɗana, na amsa. Muryarka ta rame, ba ka cin abinci ne?"

Taɓaren matan nan suka tsaya a sama. A duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, babu kuma wanda ya taɓa ji.

"Me zan yafe? Ni ban riƙe ka da komai ba. Ranar da ka tafi na bi ka har gindin tsamiyar bakin rafi, na laɓe, na ga ka tsaya ka gyara takalmi. Waken da ka gan ni ina tsincewa naka ne, na sa Dije ta ƙulle maka. Hamidu, ka dawo in gan ka, idona bai mutu ba ko da kunne ya tafi."

Rikoda ta biyu tana gabana, sabon kaset a ciki, makirfo a kwance kusa da asabari. Jan maɓallin kawai zan danna. Yatsana yana kai. Goggo ta durƙuso kusa da ni, hawaye har haɓarta.

"Danna, Iro. Danna mana! Abin da yake roƙo ke nan."

Ban danna ba. Na ga kamar in leƙa ta tana wanka ne. Mu muka ce mata babu mai ji, da wannan alkawarin ta buɗe bakinta, kuma na san kaset a can ma a gaban jama'a ake sa shi, 'yan ƙasarmu su taru a ɗakin tela suna sauraren uwata tana kiran sunan ɗan fari tana kuka. Na janye hannuna na sa a aljihu. Goggo ta dube ni, irin kallon da har ta rasu ban manta ba. Rabi ce ta fara sauke taɓarya, sauran suka bi, suka shiga daka da ƙarfi har da luguden da babu dalilinsa, don su rufe muryar kada ta kai waje. Inna ta ci gaba da magana a ƙarƙashin dakan nan har zaren ya ƙare, ban ji sauran ba.

Can ta fito tana gyara mayafi, fuskarta a bushe kamar ba abin da ya faru. Ta miƙo mini hedifon.

"Abin nan naka zafi yake sa kunne. Amma bar shi nan, kada ka wahala da ɗauka."

Ta bi ta gaban matan za ta ɗauki buta, sai ta tsaya ta leƙa turmin Rabi. Babu komai a ciki, tun ɗazu aka kwashe geron, turmi kawai ake duka. Ta leƙa na biyu, haka. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ɗauki butarta ta wuce. Goggo ta gaya mini daga baya cewa Inna ta ci gaba da sauraro in an tafi gona, Rabi na danna mata, amma da bakin mayafi a tsakanin haƙoranta. Ba ta sake furta ko kalma ba. Kafin damina ta biyu kunnen ya rufe gaba ɗaya, na murɗa gwangwanin har ƙarshe ta ce iska kawai take ji.

Kaset ɗin da muka aika, kowa ya yi magana ban da ita. Ni na ce, "Inna ta ji saƙonka, tana gaishe ka." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan tana zaune a gefe. Kuna iya cewa me ya hana ni rubuta masa takarda. Na fara sau uku. Duk lokacin da na zo wurin sunan sai hannuna ya ƙi, ni ma ɗan gidan ne, kunyar da ta ɗaure ta ba ta bar ni ba. Na kuma ce a raina zai zaci na ƙirƙira ne don in sanyaya masa rai, gara in je da kaina in kama hannunsa in faɗa masa, har da zancen tsamiya da takalmi, waɗanda babu mai saninsu sai wanda ya laɓe ya gani. Da aka shekara wani kaset ya zo, gajere. Ya gaida kowa, da ya zo kanta ya ce, "Inna, na gane. Allah ya huci zuciyarki." Wannan karon bai bar fili ba.

Sai bayan shekara huɗu Allah ya nufe ni da zuwa Makka. Na sami shagon, na sami keken ɗinkinsa, na sami matarsa da 'yarsa ta fari wadda ya sa wa sunan Inna. Shi an binne shi wata bakwai kafin in iso. Na faɗa wa yarinyar abin da na zo da shi, ta saurara da ladabi, amma Hausarta ba ta kai ba, kuma ba ita ce mai ƙishin ba. Da na dawo Goggo ta ce mini, "Ka tsare mata kunyarta, shi kuma ka bar shi ya tafi da ƙishirwa." Ban yi musu ba. Har yau in na auna, wata rana in ga na yi daidai, wata rana in ga da na danna. Abin da ban taɓa shakka a kansa ba shi ne ina kewarsu su biyun, kewar da tsufa ke ƙara wa nauyi. Na yi shekara arba'in ina ɗaukar muryoyin mutane, na biki da na wa'azi da na 'yan siyasa, amma ba ni da muryar uwata ko ta daƙiƙa ɗaya.

Kaset na farko yana nan, na sake masa gida sau biyu, zaren dai shi ne. Gwangwanin ma yana aiki, batir kawai nake canja masa, yanzu kuma kunnena ya kai inda na Inna yake a wancan lokacin, ba na bukatar auduga. In na sa, Yaya yana gaishe ta, yana roƙon ko tari ne, sannan ya yi shiru yana jira. Filin nan ba na iya barinsa haka. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji amsar, don haka nake mayar masa da ita yadda ta faɗa, tun daga sunansa har zuwa waken da ta sa aka ƙulle masa. Na san ina ɗaga murya, ai ni na fi kowa sanin halin abin nan.

Saboda haka, Hauwa, ba likita nake bukata ba. In kin sake ji na ta cikin ƙofa, ki yi abin da uwarki ta yi tana amarya. Ki nemi turmi ki yi ta daka, ko babu komai a ciki, har in gama amsa masa.